Akufanca da Ƙahon Wanzami: Binciken Likitoci a kan Ciwon Fuka da Darasinsa ga Manoman Rani na Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba abin da binciken likitoci ya gano game da wata hanyar magani ta mutanen ƙasar Sin, watau soka siraran allurai a wasu zaɓaɓɓun gurabe na jiki, wadda duniya ta sani da sunan akufanca. Za mu taƙaita bayaninmu a kan ciwon fuka, wanda a asibiti ake kira asma. Bayan haka za mu ɗauki ma'aunin da aka auna akufanca da shi mu gwada shi a kan wata sana'a tamu ta gado, watau wanzanci, ta fuskar manoman rani na ƙasar Kura da Bunkure a Jihar Kano.

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa allurar Sinawa da ƙahon wanzami? Abin da ya haɗa su shi ne dukansu biyu fata suke hudawa da nufin warkar da cutar da ke can cikin jiki, kuma masu ciwon ƙirji suna neman taimako a wurin kowannensu. Ita dai akufanca ta yi shekara fiye da hamsin likitoci suna gwada ta a kan dubban mutane, suna rubuta abin da suka gani. Saboda haka tana iya zama mana madubi. Tambayoyi uku aka yi mata, su ne kuma za mu bi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, tana da haɗari? Ta biyu, tana taɓa garkuwar jiki? Ta uku, tana buɗe hanyoyin iska na huhu? Ra'ayin da za mu tsaya a kansa shi ne, jin sauƙi daban yake da buɗewar hanyar iska, kuma mai fuka da ya rikita waɗannan abubuwa biyu yana iya rasa ransa.

2.0 Ƙasar da Muke Magana a Kanta

A shekarar 1974 aka gama gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga wannan madatsa ne ake kora ruwa ta babbar hanyar ruwa zuwa gonakin da ke ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Girman filin da aka tsara wa kashin farko na aikin ya kai wajen hekta 22,000. A Kadawa kuma akwai tashar gwaji ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Kafin zuwan ruwan Tiga, manomi kan yi aikinsa da damina, in ya kai amfani gida sai ya huta ko ya tafi cin rani. Da ruwa ya zo sai gona ta zama ta shekara duka: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani, wasu ma su sake shinkafa. Garin Kura ya yi suna wajen turara shinkafa da casarta. Wannan arziki ne babba, amma akwai abubuwan da huhun manomi da na iyalinsa suke shaƙa tare da shi, kamar haka:

(a) ƙurar sussuka da ƙaiƙayin shiƙa, da garin ɓuntu a injinan casa;
(b) hayaƙin ƙona tattaka da kara a gona, da hayaƙin icen da mata ke turara shinkafa da shi;
(c) feshin maganin ƙwari, wanda wani irinsa yakan tsuke hanyar iska ya kuma jawo majina;
(d) hazon hunturu da sanyin asuba, daidai lokacin da ake ban ruwan alkama.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan likitoci sun san yana iya tayar wa mai fuka da ciwonsa. A nan kuwa sukan haɗu a kan mutum ɗaya a cikin wata ɗaya.

3.0 Ciwon Fuka

Iskar da muke shaƙa tana bin maƙogwaro ta shiga wasu bututai masu rassa kamar rassan itace, suna ta ƙara sirancewa har cikin huhu. A jikin mai fuka abubuwa uku ke faruwa ga waɗannan bututai. Bangonsu na ciki yakan kumbura, tsokar da ta kewaye su takan tsuke, sa'an nan majina mai kauri ta taru a ciki. Wannan ne ke kawo shessheƙa da kukan ƙirji da tarin dare. Tushen abin kuwa garkuwar jiki ce da ta wuce gona da iri. Ƙwayoyin tsaron jiki sukan ɗauki ƙura ko ƙaiƙayi a matsayin abokin gaba, sai su saki sinadarai irin su histamin, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil su yi dafifi a bangon bututun. Abin lura shi ne wannan kumburi yana nan ko a ranar da mutum yake jin kansa garau.

Saboda haka ne maganin asibiti ya kasu biyu. Akwai na shaƙa mai buɗe bututu nan take, irin su salbutamol, akwai kuma na shaƙa mai kwantar da kumburi sannu a hankali, watau sitiroyid. Tun 2019 kwamitin masana na duniya mai ba da shawara kan wannan ciwo, wanda ake kira GINA, ya daina yarda a bar baligi a kan maganin buɗewa shi kaɗai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da wannan ciwo, kuma ya kashe 455,000. A Nijeriya wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya shafi mutum fiye da 20,000, ya sami masu ciwon kashi 6.4 cikin 100, alhali waɗanda likita ya taɓa gaya musu suna da shi kashi 2.5 ne kawai. Ke nan mafi yawansu ba su taɓa jin sunan ciwonsu daga bakin likita ba. A ƙasar Hausa ma binciken ba sabo ba ne. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa sun buga nazarin masu fuka 106 a Zariya, suka tarar kashi 69 cikin 100 sai bayan sun wuce shekara 19 ciwon ya fara musu, kashi 45 kuma da damina ya fi tsananta musu. Watau dai ciwo ne na majiya ƙarfi, masu shekarun riƙe fartanya.

Akwai kuma wata matsala ta harshe da ya kamata masu nazarin Hausa su lura da ita. Kalmar fuka tana cikin sunan cututtuka biyu, ciwon fuka da tarin fuka. Na biyun ƙwayar cuta ce ke kawo shi, yana yaɗuwa, ana gane shi ta gwajin kaki, ana kuma warkewa da maganin wata shida. In majinyaci ya ce fuka ke damunsa, tilas ne mai sauraronsa ya tantance wacce yake nufi.

4.0 Akufanca a Taƙaice

Bayanin akufanca yana cikin wani tsohon littafin likitancin Sin mai suna Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Masu wannan ilmi suna ganin akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai cuta ta samu, allura kuma ita ke sake shi. Guraben sukar da aka daidaita sunayensu 361 ne. Ya kamata a sani allurar ba irin ta asibiti ba ce. Ba ta da rami, ba a ɗura komai da ita, kaurinta kuma bai fi na gashin wutsiyar doki ba.

Turawan Yamma sun waiwayo ta sosai a 1971, lokacin da ɗan jaridar Amurka James Reston ya rubuta yadda aka yi masa tiyata a Beijin, aka kuma rage masa zafin bayan tiyata da allurai. A Afirka kuwa ta shigo ne tare da ayarin likitocin Sin, waɗanda suka fara zuwa Aljeriya a 1963, suka kuma fara zuwa Jamhuriyar Nijar a 1976. Tun daga wancan zamani ake ta gwada ta a asibitocin jami'o'i.

5.0 Tambaya ta Farko: Tana da Haɗari?

A 2001 an buga bincike biyu a Ingila waɗanda suka bi diddigin zaman magani fiye da 66,000 a hannun horarrun ma'aikata. Ba a sami wata mummunar illa ba, sai ƙananan abubuwa irin su ɗigon jini da zafi da jiri. A 2009 Claudia Witt da abokan aikinta a Jamus suka buga wanda ya fi wannan girma, na majinyata 229,230. Kashi 8.6 cikin 100 sun ce sun ga wata illa, kashi 2.2 sun bukaci a yi musu maganinta, mutum biyu kuma allura ta huda musu tantanin huhu.

Wannan ta ƙarshe ita ce babbar illa ga masu ciwon ƙirji, domin a ƙirji da gadon baya ake yawan soka musu allura. A jikin siririn mutum, tsakanin fata da huhu a wasu gurabe bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba. In allura ta wuce ta huda tantanin, iska takan taru tsakanin huhu da haƙarƙari, huhun ya motse. A 2010 Edzard Ernst ya tattara rahotannin mutuwar mutum 86 bayan akufanca daga ƙasashe dabam-dabam, hudar huhu ce ta fi yawa a cikin dalilan.

Illa ta biyu ita ce ɗaukar cuta ta jini. A 1984, a jihar Rod Ailan ta Amurka, mutum 35 sun kamu da ciwon hanta nau'in B a wurin mai akufanca ɗaya, saboda allurar da ake maimaitawa ba tare da cikakkiyar tsabta ba. Irin wannan ne ya sa a 1996 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta shar'anta allura mai tsabta wadda ake amfani da ita sau ɗaya a yar. A 1999 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan horon masu akufanca da kiyaye haɗarinta.

Amsar tambaya ta farko ke nan: a hannun wanda ya san ƙirar jikin mutum, yana kuma aiki da sabuwar allura, haɗarin kaɗan ne ƙwarai. In aka rasa ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu, ana iya rasa rai. Daɗin daɗawa, ba a san wannan amsa ba sai da aka zauna aka ƙirga.

6.0 Tambaya ta Biyu: Tana Taɓa Garkuwar Jiki?

Akwai wata doguwar jijiyar saƙo da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka ƙirji da ciki, ana kiranta fagas. A shekarar 2000 Kevin Tracey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa in aka motsa wannan jijiya da lantarki a jikin ɓera, sinadaran kumburi sukan ragu a jininsa. Wannan ya buɗe ƙofa, domin ya nuna jijiyoyi suna da linzamin da suke ja wa garkuwar jiki da shi.

A 2014 wasu masana a Jami'ar Rutgers suka gwada akufanca mai lantarki a wani gurbi da ke ƙasa da gwiwa, wanda Sinawa ke kira Zusanli, a jikin ɓerayen da guba ta shiga jininsu. Suka gano saƙon yana hawa ta jijiyar ƙafa, ya dawo ta fagas, ya sa ƙululun da ke saman ƙoda ya saki sinadarin dofamin, kumburi ya lafa. A 2020 da 2021 Qiufu Ma da mutanensa a Jami'ar Harvard suka ƙara haske. Suka nuna cewa sakamakon ya danganta da wurin suka, da ƙarfin lantarki, da lokacin da aka yi. Lantarki mai sauƙi a ƙafa yakan kwantar da kumburi. Mai ƙarfi a ciki kuwa, in an yi shi bayan cuta ta riga ta kama, yana iya ƙara rura ta. Sun kuma gano nau'in jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon, waɗanda suka fi yawa a zurfin naman ƙafa.

Wannan bincike ne mai daraja, amma dole mu ajiye shi a matsayinsa. Na farko, a kan ɓeraye aka yi shi. Na biyu, lantarki aka yi aiki da shi, wanda ake iya auna ƙarfinsa. Na uku, kumburin gubar jini daban yake da kumburin fuka. A kan mutane masu fuka, gwaje-gwajen da suka auna jini ƙanana ne. Alal misali, wanda aka yi a Jamus aka buga a shekarar 2000 mutum 38 ya ƙunsa, aka ga ƙwayoyin iyosinofil sun ɗan ragu. Raguwar ƙwaya a jini kuwa alama ce kawai. Abin da majinyaci yake bukata shi ne numfashi, shi ya kai mu ga tambaya ta uku.

7.0 Tambaya ta Uku: Tana Buɗe Hanyoyin Iska?

Likitoci suna da na'urar da mutum ke busawa da iyakar ƙarfinsa, ta auna yawan iskar da ya fitar a cikin daƙiƙa ta farko. In bututai sun tsuke adadin yakan yi ƙasa, in sun buɗe ya yi sama. Wannan awo ba ya bin son zuciyar majinyaci ko na likita.

A 2004 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen magani, ta duba waɗanda aka yi a kan akufanca da fuka. Gwaje-gwajen kamar dozin ne, mutanen cikinsu duka ba su kai 400 ba. Hukuncinta shi ne babu isasshiyar hujjar da za a ba da shawarar yin akufanca don wannan ciwo. A wani ciwo makusanci, watau atishawa da toshewar hanci na shekara-shekara, wani gwaji na mutum 422 da aka yi a Jamus aka buga a 2013 ya sami akufanca ta gaske ta ɗan fi ta jabu bayan mako takwas, amma bambancin ƙarami ne, bai kuma daɗe ba bayan an daina.

Gwajin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne wanda Michael Wechsler da abokan aikinsa suka yi a Boston, aka buga a 2011. Sun ɗauki masu fuka 46, mutum 39 suka kai ƙarshe. Kowane ɗaya an bi da shi ta hanyoyi huɗu a ranaku dabam-dabam: maganin shaƙa na gaske, maganin shaƙa holoƙo wanda babu komai a cikinsa, akufanca ta jabu wadda allurarta ba ta shiga fata, da kuma zama kawai ba a yi masa komai ba. Da aka auna da na'ura, maganin gaske ya ƙara iskar da suke fitarwa da kashi 20 cikin 100, sauran ukun kuwa kowanne wajen kashi 7. Amma da aka tambaye su yadda suke ji, sauƙin da suka faɗa ya kai kashi 50 ga maganin gaske, kashi 45 ga holoƙo, kashi 46 ga allurar jabu, kashi 21 ga zama kawai.

Ma'anar wannan a fili take. Majinyatan ba ƙarya suka yi ba, lalle sun ji sauƙi. Kulawar mai magani da taɓawar hannunsa da tsammanin waraka suna rage ƙuncin da mutum yake ji. Amma bututan huhunsu suna nan a tsuke kamar na wanda ba a yi wa komai ba. Mai fukar da ya dogara da jin jikinsa kaɗai yana iya ajiye abin shaƙarsa, ya koma cikin ƙurar sussuka da huhun da bai warke ba, har ranar da ciwon zai taso masa cikin dare, asibiti kuma da nisa.

8.0 Ƙahon Wanzami a kan Wannan Ma'auni

Wanzami ba mai aski kaɗai ba ne. A zabirarsa akwai aska da 'yar tsaga da ƙaho, kuma shi ake kira don kaciya da cire beli da tsagar gado da ta magani. In zai yi ƙaho yakan kafa shi a gadon baya ko kafaɗa, ya zuƙe iskar ciki da baki har fata ta taso, ya cire ya yi ƙananan tsaga, ya mai da ƙahon ya ja jini. A fahimtar Bahaushe mataccen jini ne ake fitarwa, wanda wahalar aiki ko sanyi suka tara. Lewis Wall, wanda ya yi nazari a ƙasar Malumfashi, ya yi bayanin irin wannan fahimta a littafinsa na maganin Hausawa da aka buga a 1988. Bugu da ƙari, ƙaho yana da asali a sunna, wannan ya ƙara masa daraja a idon jama'a. Manomin da ya yini a cikin ruwa yana dashen shinkafa, ƙirjinsa ya yi nauyi, wanzami ne mafi kusa da shi, mafi araha, kuma wanda ya san sunan kakansa.

Ta fuskar haɗari, tsagar ƙaho ba ta da zurfin da za ta kai ga huhu, sai dai duk wata huda mai zurfi a ƙirji, irin sakiya, tana ƙarƙashin gargaɗin da muka ambata a baya. Babban haɗarin ƙaho jini ne. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2018 ya sami ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, watau kusan mutum ɗaya a cikin goma sha biyu, kuma yawancinsu ba su da wata alama. Ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye. Goge aska da tsumma ko ɗauraye ƙaho da ruwa ba ya kashe ta. Sai a 2004 rigakafinta ya shiga cikin alluran yara a Nijeriya, saboda haka manyan da aka haifa kafin nan yawancinsu ba su da kariya. Shi kansa wanzamin da ke zuƙa da baki yana cikin haɗarin.

Ta fuskar garkuwar jiki, bai halatta mu ari sakamakon ɓerayen Harvard mu yafa wa ƙaho ba. Can jijiyar zurfin ƙafa aka motsa da lantarki, nan fatar baya ake tsagawa a ja jini. Ta fuskar amfani kuwa, a 2012 wasu masana a Beijin sun tace gwaje-gwaje 135 da aka yi a kan ƙaho iri-iri, suka tarar yawancinsu tsarinsu mai rauni ne. Saboda haka in manomi ya ce ƙirjinsa ya saki bayan ƙaho, za mu gaskata shi kamar yadda muka gaskata majinyatan Boston, sa'an nan mu miƙa masa abin busawa.

9.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari kamar haka:

(a) Hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin nan uku su zauna da sarakunan aska, domin ta hannunsu ne magana za ta isa ga kowane wanzami. A tsaya a kan sabuwar reza ga kowane mutum, da safar hannu, da kofin ƙaho mai famfo wanda ba a zuƙa da baki, ba a kuma maimaita shi.

(b) A gwada jinin wanzamai, a yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafin ciwon hanta.

(c) A koya musu alamomin da in sun gani za su tura mutum asibiti ba tare da jinkiri ba: wanda numfashi ya hana shi ƙarasa magana, wanda leɓɓansa suka canja launi, mai tarin da ya wuce mako biyu, mai kakin jini, mai rama da zufan dare. Haka kuma kada su ce wa kowa ya bar abin shaƙarsa.

(d) A wadata ɗakunan shan magani na karkara da ma'aunin busa na roba, wanda ba ya bukatar lantarki, tare da magungunan shaƙa iri biyun nan.

(e) Malaman gona su haɗa da gargaɗin rufe hanci da baki lokacin sussuka da shiƙa da feshi, da barin ƙona tattaka kusa da gidaje.

(f) Masu bincike na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano su yi wa ƙaho irin ƙirgar da Jamusawa suka yi wa akufanca, a rubuta kowane zama da abin da ya biyo bayansa. A kuma auna numfashin masu fuka kafin ƙaho da bayansa, da yardarsu, ba tare da an raba kowa da maganinsa ba. A cikin ayarin a sa masanin Hausa, domin shi zai bambance abin da majinyaci yake nufi in ya ce fuka, ko sanyi, ko nauyin ƙirji.

10.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi tambayoyi uku da aka yi wa akufanca. Mun ga cewa haɗarinta kaɗan ne in ma'aikaci ya ƙware kuma allurarsa sabuwa ce. Mun ga cewa motsa jijiya yana iya kwantar da kumburi a jikin dabba, bisa sharuɗɗan wuri da ƙarfi da lokaci. Mun kuma ga cewa a kan ciwon fuka hujjar amfaninta ba ta cika ba, kuma allurar jabu ma tana sa majinyaci ya ji sauƙi alhali hanyar iskarsa ba ta buɗe ba.

Ba mu kawo waɗannan bayanai don rage darajar wanzami ba. Taron Alma-Ata na 1978 ya riga ya yi kira da a jawo masu maganin gargajiya cikin aikin lafiya a matakin farko, kuma a ƙauyukan Kura da Bunkure wanzami yana ganin marasa lafiya da yawa kafin ma'aikacin asibiti ya gan su. Sinawa sun yarda an ɗora gadonsu a kan sikeli, abin da ya fito ya sa aka gyara allurarsu, aka kuma san iyakar abin da take iyawa. Muna ganin ƙaho ya cancanci irin wannan kulawa daga masananmu, manomin da ke ciyar da mu shinkafa da alkama kuma ya cancanci a auna numfashinsa kafin a ce masa ya warke.